Neman hujja ba tsaurin ido ba ne

An daɗe ana cewa malamin da ke koya wa yara bin diddigin jawabin manya tsaurin ido yake koya musu. Na sha jin haka daga bakin iyaye a Unguwar Rogo, nan Jos, kuma abin yana damuna, don sam ba haka ba ne.

A aji, muna ɗaukar magana mu tambaya: me ake so mu yarda da shi, kuma dalilin da aka kawo ya kai can? Kwanan baya na karanta musu sharhin wata jarida da ke cewa tunda aka sa fitilun titi, sata ta ragu. Wata yarinya ta ɗaga hannu: "Malam, ai lokacin ne kuma aka ƙaro 'yan sintiri. To wanne ya rage satar?" Ba ta ci mutuncin kowa ba. Ta dai gano cewa abu biyu na iya faruwa tare ba tare da ɗaya ya haifar da ɗayan ba.

Kuma wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. A kotun shari'a mai da'awa shi ke kawo shaida, malaman zaure kuwa tun kaka da kakanni suke karantar da mandiƙi, wato ilimin auna hujja.