Zanen Kwangila a Chadi da Arewacin Kamaru

Zanen kwangila shi ne zanen da mai zane ke yi bisa buƙatar wani, a kan kuɗin da suka daidaita: mawallafin littafi, gidan jarida, ko hukumar da ke son wayar da kan jama'a. A Chadi da jihohin Kamaru uku na arewa, masu hedikwata a Marwa da Garwa da Ngaundare, sana'ar ta fi dogara ga aikin faɗakarwa fiye da littattafai, domin kasuwar littafi ƙarama ce, kuma yawancin littattafan makaranta daga Yawunde ko Faransa ake kawo su da hotunansu.

Yawan harsuna ne ya ɗaga darajar aikin. A kasuwa guda a Kuseri, garin Kamaru da ke kan iyaka da Chadi, ana jin Larabcin Shuwa da Fulatanci da Barbarci da Hausa, alhali takardun hukuma da Faransanci suke zuwa. Fostar da ke jikin bangon asibiti dole ta yi magana da wanda bai taɓa shiga aji ba. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke yawo da babban kundin hotuna da ake juyawa shafi-shafi, hoto na fuskantar jama'a, bayanin kuma yana baya inda mai magana zai gani. Da shi ake koyar da rigakafin shan inna, da wanke hannu lokacin kwalara, da kwana cikin gidan sauro.

Yaƙi da kurkunu ya nuna yadda aikin yake. Cutar ta sake ɓulla a Chadi a 2010, sannan a 2012 aka gano ta a jikin karnuka a ƙauyukan bakin kogin Shari. Ma'aikatar lafiya ta Chadi da Cibiyar Carter, wata ƙungiyar agaji ta Amurka, suka buƙaci hotunan da ke nuna mace tana tace ruwa da ƙyalle a bakin randa, da masunci yana binne kayan cikin kifi, da kare a ɗaure. Kowanne yana da tarko. Idan randar ba irin ta garin ba ce, ko aka sa wa matar tufafin kudu maimakon lafaya ko zane da mayafi, masu kallo za su ce ai wannan ba da mu ake ba. Don haka kafin a buga, akan kai zanen ƙauye babu rubutu a jiki, a tambayi mutane, "Me kuka gani a nan?" Amsarsu ce ke sa a gyara hannu ko fuska ko girman ƙwaro. Wannan mataki ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa idan kuɗi ya yi kaɗan. Akwai kuma gidajen da ke ƙyamar hoton abu mai rai saboda addini, lamarin da ke sa mai zane ya kula da sutura da yadda ya jera maza da mata.

A ɓangaren jarida, zanen barkwanci ya samu fili bayan sassaucin siyasa na farkon shekarun 1990. Jaridar N'Djaména Hebdo, wadda Saleh Kebzabo ya kafa, tana cikin waɗanda suka buɗe ƙofar jaridu masu zaman kansu. Aikin yana da haɗari: mai zanen barkwanci Adjim Danngar, haifaffen garin Sarh na kudancin Chadi, ya bar ƙasar zuwa Faransa a 2004 saboda matsin da zanensa ya jawo masa. A Kamaru kuwa, jaridar barkwanci Le Popoli a Duwala take, nesa da arewa.

Biya da sefa ake yi, galibi kashi biyu, kafin alƙalami da cikon kuɗi bayan miƙa aiki. Rubutacciyar yarjejeniya ba ta cika samuwa ba, sai a ga an sake buga hoto ɗaya shekara da shekaru a kan fosta da riga da kalanda, tambarin masu ba da tallafi a jere a ƙasa, sunan wanda ya zana kuwa babu. Yawancin masu sana'ar suna haɗa ta da rubuta allunan shaguna, da zanen askin zamani a ƙofar masu aski, da ƙawata manyan motoci, kuma matasansu yanzu a waya ko kwamfuta suke zane, su tura wa mai aiki ta WhatsApp.