Kunyar ɗan fari tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro

Ranar awon jarirai za ka ga yarinya 'yar shekara 15 ko 16 a kan benci, jaririnta yana cinyar kakarsa. Yaron yana bin fuskar uwarsa da ido, yana gwaranci, ita kuwa ta kau da kai tana murza bakin hijabi. A tambaye ta sunansa, sai ta sunkuyar da kai, kaka ta amsa. Ɗan fari ne, wai da kunya. Wannan kunyar ta ishe mu.

Tun daga ciki take somawa. Yarinya ta ɓoye ciki sai ya kai wata shida ko bakwai, alhali ana son awon farko cikin mako 12 na farko, a kuma je awo sau 8 kafin haihuwa. Jikinta bai gama girma ba, ita da ɗan tayin rabon jini da abinci suke yi. Shi ya sa ƙarancin jini, jijjiga, haihuwar bakwaini da jariri ƙasa da kilo 2.5 suka fi yawa a wannan shekarun. Bakwaini da ƙaramin jariri kuwa sun fi fuskantar jinkirin magana da rashin natsuwa. Bincike a ƙasashen Suwidin da Finlan ya nuna an fi samun larurar rashin natsuwa da ƙiriniyar da ta wuce kima a 'ya'yan matan da suka haihu kafin shekara 20. Gado da talauci da barin makaranta duk suna da hannu, ba shekaru kaɗai ba.

Sai a haihu, kunya ta dawo sabuwa. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, nono ma sai ya yi kuka ya gaji. Haba Inna, haba Hajiya! Ku kuke yaba mata, kuna cewa yarinyar akwai kara. Jariri yana koyon tsayar da hankali ne daga fuskar da ta dube shi: ya yi sauti a amsa masa, ya nuna kaza a ce masa "kaza". In sunan ne ba zai faɗu ba, a sa masa laƙabi, amma ta yi masa magana. Ke kuma ƙanwata, ba laifinki ba ne, haka kika taras. A ɗaki dai babu mai ganinki.

Abin yi a taƙaice:
- Lokacin goyon ciki, maganin ƙarin jini kullum, Fansida (maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro) a wurin awo daga wata na huɗu, kwana cikin gidan sauro.
- Nono zalla wata 6, ko ruwa kada a ba shi.
- Magana da waƙa lokacin wanka da shayarwa, ido cikin ido. Ban da miƙa masa waya kafin shekara 2.
- Tazarar wata 24 kafin wani ciki. Maigida, wannan da kai ake.

A kawo shi asibiti in ya kai wata 9 ba ya zama ko ba ya waigowa in an kira shi, wata 18 ba ya tafiya, shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba. Uwar da ta wuce mako biyu tana kuka, ba barci, ba ta son ɗaukar ɗanta, kada a ce kunya ce. Ita ma a kawo ta a duba.