Firamare kyauta: shin tana kai yaro ƙarshen aji shida?

Yaushe aka fara karatun firamare kyauta?

Awolowo ne ya fara a Jihar Yamma a 1955, lokacin Agege ta Legas tana cikinta. A 1976 gwamnatin Obasanjo ta shimfiɗa shirin UPE, wato firamare kyauta ga kowane yaro, a faɗin ƙasa. A nan Legas kuwa, Jakande, wanda ya yi gwamna daga 1979 zuwa 1983, ya gina azuzuwa masu yawa har aka daina raba yara 'yan safe da 'yan rana. Dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin matakin farko na bai ɗaya, ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole.

Cire kuɗin makaranta yana ƙara masu kammalawa?

Yana ƙarawa, amma bai kai yadda yake ƙara masu shiga ba. Da Kenya ta soke kuɗin a 2003, yara fiye da miliyan ɗaya suka ƙaru a makarantu, alhali malamai da kujeru ba su ƙaru daidai da su ba. Aji ya cika maƙil, malami ɗaya ba ya iya duba littafin kowa. Yaron da ya kai aji huɗu bai iya karatu ba, shi ne na farkon gudu.

To in babu kuɗin makaranta, me ke fitar da yaranmu?

Nan ne abin ke ci min rai. Yunifom, takalmi, littafin rubutu da kuɗin tara duk daga aljihun uba suke fita. A kasuwar Mile 12 za ka ga ɗan shekara goma yana tsince tumatir da sassafe, ya samu na kashewa a ranar, makaranta ta fita daga ransa. Yarinya kuma tiren talla yana jiranta.

Sai batun tafiya gida. A kai yaro Arewa biki ko hutun Sallah, a zarce wata biyu ko uku, ya dawo an wuce shi. Ga harshe kuma: Hausa a gida, Turanci a aji, Yarbanci a filin wasa. In ba a ja shi a jiki tun aji ɗaya ba, shiru zai yi a layin baya har ya daina zuwa.

Me iyaye za su iya yi?

A daidaita tafiya da hutun makaranta. In ƙaura ta kama, a karɓi takardar canjin makaranta wurin hedimasta, don kada a mayar da yaro baya. Kuma duk mako a sa shi ya karanta shafi guda da babbar murya, ko da maƙwabci ne zai saurara.