Waiwaye: Yadda wasannin yaƙin sama suka baro fim suka koma littafin matuƙi

Duk wanda ya fara zama gaban manhajar kwaikwayon jiragen Yaƙin Duniya na Biyu irin ta yau, ya danna totur har ƙarshe kamar yadda ya saba gani a fim, abu ɗaya ke samunsa: jirgin ya karkace hagu, ya sauka daga titi, fiffike ya ci ƙasa tun taya ba ta ɗaga ba. Da a ce shekara talatin da suka wuce ne, da lafiya lau zai tashi. Tsakanin wancan tashi da wannan kifewa akwai doguwar gardama ta masu sha'awar abin, kuma tun farko gardamar guda ce: wa za a bi, mai shirya fim ko mai rubuta littafin matuƙi?

Asalin na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi ba ta yaƙi ba ce. A 1929 Edwin Link, ɗan garin Binghamton a jihar New York, ya ɗebi zugazugai da bututun iska daga masana'antar kayan kiɗa ta mahaifinsa, ya haɗa wani akwati mai guntayen fukafukai da ke karkata yana juyawa a kan gindinsa. Da farko wuraren shaƙatawa ne suka fi saye. A 1934 aka ɗora wa sojojin saman Amurka jigilar wasiƙu, matuƙa suka yi ta faɗuwa cikin hazo da duhu saboda ba su iya tuƙi da agogunan jirgi kaɗai ba, sai rundunar ta sayi guda shida. Kafin yaƙi ya ƙare an ƙera fiye da 10,000. Ba a harbi a cikinsa, ba a ganin komai. Marfi ake rufe wa ɗalibi.

Hoton yaƙin sama da ke kan mutane kuwa daga silima ya zo. Wings na 1927, wanda ya fara cin kyautar Oscar ta fim mafi kyau, da Hell's Angels na 1930, da Battle of Britain na 1969, su suka kafa yadda ido ke tsammanin abin. Kyamara tana son jirage kusa da juna har ana ganin fuskar matuƙi, tana son harsashin da ba ya ƙarewa, tana son wanda aka harba ya tashi da wuta nan take. Ko jiragen ma ba duka ne na ainihi ba. Yawancin na Jamus da aka nuna a fim ɗin 1969, ƙirar Sifaniya ne masu injin Merlin na Ingila, wato injin Spitfire ɗin da ke korar su. Masu ido suna gane su ta hanci: injin Jamus na DB a kife yake, bututun hayaƙinsa a ƙasa, na waɗannan kuwa a sama suke, ga haɓa ta kumburo.

Wasannin kwamfuta na farko wannan hoto suka gada. Microsoft Flight Simulator na 1982, aikin Bruce Artwick, yana da wani sashe na Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda abokin gaba ɗigo ne da 'yan layuka. Lawrence Holland a kamfanin Lucasfilm ya fitar da Battlehawks 1942 a 1988, da Their Finest Hour a 1989, da Secret Weapons of the Luftwaffe a 1991. Dynamix ya kawo Red Baron a 1990, inda mutum ke fara aiki yana ƙaramin hafsa, ana ƙara masa girma, ana ba shi lambar yabo. Injinan lokacin ba su da ƙarfin lissafin iska, don haka jadawali ake rubutawa: a gudu kaza da tsayi kaza, jirgi kaza yana juya digiri kaza. Harbi kuma, akwai wani ƙwallon da ba a gani kewaye da jirgi, harsashi ya taɓa shi an ci maki. Daɗi kam akwai shi, amma duk jiragen halinsu ɗaya, lambobi ne kawai suka bambanta.

Waɗanda suka fara tsananta tambaya su ne masu wasa da juna ta layin waya. Air Warrior na kamfanin Kesmai, a ƙarshen shekarun 1980, da awa ake biyan kuɗinsa, kuma wanda ya biya kuɗi aka harbo shi ba ya yin shiru. WarBirds ya biyo a 1995, Aces High a 2000. A nan aka fara tono rahotannin gwajin jirage na lokacin yaƙi ana ƙure masu manhaja da su. Shekarar 1998 ita ce kakar abin: European Air War, da Jane's WWII Fighters, da Microsoft Combat Flight Simulator duk a cikinta suka fito. Daga nan kasuwa ta karye, don kuɗin ƙirƙira ya haura masu saye ba su ƙaru ba. An rufe Dynamix a 2001.

A wannan shekarar ce ceto ya zo daga Mosko. Oleg Maddox da mutanensa suka fitar da IL-2 Sturmovik, mai sunan jirgin kai farmaki na Tarayyar Sobiyat da aka ƙera fiye da 36,000. Ya kai mutane fagen gabas, inda Jamus da Sobiyat suka gwabza, wanda finafinan Amurka da Ingila ba su damu da shi ba, ya kuma rarraba jirgi gunduwa-gunduwa: harsashi na iya tsinke wayar juya wutsiya, ko ya huda lagireto, ko ya kashe matuƙi jirgin yana lafiya. Forgotten Battles ya biyo a 2003, Pacific Fighters a 2004, sai tarin da aka kira 1946 a 2006, mai jirage fiye da 200 da ake iya tuƙawa. Daga nan littafin matuƙi ya fara rinjaye, kuma ga abin da hakan ke nufi a hannu.

A ɗauki karkacewar nan ta wajen tashi. Farfelar Spitfire mai injin Merlin da ta P-51, jirgin yaƙin Amurka, suna juyawa dama idan ana kallo daga kujerar matuƙi. Ƙarfin juyin yana danne tayar hagu. Iskar da farfela ke turawa baya tana murɗawa kewaye da jikin jirgi ta bugi wutsiya ta gefen hagu. In kuma aka ɗaga wutsiya da sauri, farfelar da ke gudu tana fizgar hanci hagu. Duk ukun waje ɗaya suke ja. A P-51D maganin a jere yake: a saita madaidaicin wutsiya digiri biyar zuwa shida dama tun kafin a motsa, a ja sandar tuƙi baya don ta kulle tayar wutsiya, a buɗe totur sannu cikin daƙiƙa da yawa, a riƙa taɓa fedar dama kaɗan-kaɗan tun hanci bai fara tafiya ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne jira sai an ga karkata sannan a taka feda da ƙarfi. Jirgin sai ya wuce dama, a taka hagu, ya dawo da ninki, har ya juya a kan taya ɗaya. Wanda ya saba da Merlin ya hau Spitfire mai injin Griffon kuwa ya sake lale, don farfelarsa hagu take juyawa.

Sai kafireta. Merlin na 1940 yana da kwanon mai a cikinta, irin na tsofaffin motoci. Matuƙi ya tura sanda gaba don ya nutsa, mai sai ya tashi sama cikin kwanon, injin ya rasa, ya yi tari. Daga baya kuma mai ya kwararo ya shaƙe shi. Bf 109, jirgin yaƙin Jamus, famfo ke tura masa mai kai tsaye cikin silinda, don haka Bajamushe da an biyo shi sai ya tura hanci ƙasa ya ɓace. Matuƙan Ingila suka koyi kifar da jirgi tukuna sannan su ja sanda. A 1941 injiniya Beatrice Shilling ta kawo wani ɗan zoben ƙarfe mai rami da ke taƙaita man da ke shiga, ya rage shaƙewar. Manhajar da Spitfire ɗinta na 1940 ke nutsawa ba tari, masu abin ba sa ɗaukar ta da muhimmanci.

Harbi ne ya fi kunyata fim. Spitfire na farko yana da bindigogi masu jigida takwas, kowace da harsashi 300, wato kimanin daƙiƙa 15 in an danne. Da yake a fukafukai suke, sai an saita su su haɗu a wuri ɗaya a gaba. Rundunar saman Ingila ta fara da yadi 400, matuƙa suka ga harsashi na warwatsewa, aka dawo da shi 250. Sabon shiga yana buɗe wuta tun daga yadi 600 don jirgin gaba ya cika masa ido, ya ƙarar da komai a iska. Igwa biyu na Bf 109E kuwa harsashi 60 kowace ke ɗauka.

Akwai wurin da, a ganinmu, masu manhaja suka wuce gona da iri. Littafin P-51D ya ba da minti 15 a ƙarfin yaƙi, da minti 5 a ƙarfin gaggawa na matsin iska inci 67 da juyin injin 3,000 a minti. Wasu manhajoji sun mayar da wannan agogo: lokaci na cika injin ya mutu. Amma an sa iyakokin ne don injin ya kai lokacin gyaransa, makanikai su san abin da za su duba. Zafi ne ke kashe injin da gaske, kuma shi ya kamata a kwaikwaya: Spitfire da ya daɗe tsaye a ƙasa ruwansa na tafasa, don ƙafar taya tana tare bakin lagireto. Haka tankin galan 85 da ke bayan kujerar P-51D, in yana cike nauyi na komawa baya, jirgin ya riƙa matse juyi da kansa har ya kife. Sai an sha fiye da rabinsa ake shiga faɗa.

Rise of Flight na 2009 ya yi wa Yaƙin Duniya na Ɗaya irin wannan aiki. A Sopwith Camel injin ɗungurungum ke juyawa tare da farfela, yana fesa man zurma a fuskar matuƙi. Juya dama hanci ya faɗi, juya hagu hanci ya tashi.

Kayan hannu su ma sun yi tafiya. Tsofaffin sandunan tuƙi suna auna motsi ne da wani ɗan harshe mai goga a kan zoben gawayi; in ya cinye sai jirgi ya riƙa zabura shi kaɗai. Feshin wanke kayan lantarki na lafar da abin na ɗan lokaci, maganin dindindin shi ne sanda mai ma'aunin maganaɗisu, wadda ba abin da ke gogar wani a cikinta. Sandar jirgin gaske doguwa ce daga ƙasa zuwa gwiwa da sama, ta tebur kuwa taƙi guda, don haka motsin santimita ɗaya ya yi yawa. Ana rage kaifin tsakiya da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari a saitin manhaja, ko a ƙara wa sandar tsayi da bututu na santimita 10 zuwa 20. Kada a faɗaɗa mataccen wuri na tsakiya, inda motsin sanda ba ya tasiri, ya wuce kashi biyu ko uku, yana ɓata saiti wajen harbi. Na'urar bin motsin kai, TrackIR, ta sauya faɗa fiye da kowane sabon hoto, kuma ana haɗa irinta a gida: ƙananan fitilu uku masu hasken da ido ba ya gani a gefen abin sauraro, da kyamarar kwamfuta da aka cire wa gilashin tace wannan hasken, da manhajar opentrack ta kyauta. Abin da ke lalata ta shi ne rana ta taga a bayan mai wasa, kyamara ta ɗauke ta fitila ta huɗu.

Cliffs of Dover ya fito a 2011 cike da kurakurai, har wasu masu sha'awa da suka kira kansu Team Fusion suka yi ta gyara shi a kyauta, daga baya aka miƙa musu shi a hukumance. Su suka fitar da Desert Wings – Tobruk a 2020. Jiragen Hurricane na Ingila a wannan fage na hamadar Arewacin Afirka, masu ƙaton matacin ƙura a ƙarƙashin hanci, da yawansu ta kanmu suka bi: daga Satumba 1940 ana haɗa su a Takoradi, su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, El Fasher da Khartoum zuwa Alƙahira.

Yau gidan ya rabu uku. War Thunder ya riƙe masu son fim, ana iya tuƙi da linzamin kwamfuta. DCS ya tafi ƙarshen ɗaya gefen, kowane maɓalli na ɗakin matuƙi sai an taɓa shi kafin injin ya tashi. IL-2 na zamani, wanda ya fara da Battle of Stalingrad a 2014, yana tsakani. Abin da har yanzu ba a daidaita ba shi ne gani. Jirgin da ke nesa ɗigo ɗaya ne ko biyu a allo, kuma allon da ya fi tsada ɗigonsa ya fi ƙanƙanta, don haka mai tsohon allo kan riga mai sabo hango abokin gaba. Wasu na rage kyawun hotonsu da gangan kafin su shiga faɗa. In masu manhaja sun ƙara wa ɗigon girma a ce sun koma fim, in sun bar shi a ce matuƙin gaske ya fi haka gani, kuma kusan duk sabon gyara da ya taɓa wannan wuri sai an sake tayar da maganar.