Wai sai da garin furotin na gwangwani ake gina jiki?

Samarin Maradi da yawa sun ɗauka in ba ka sayen garin nan na gwangwani mai cin jikkuna, ɗaga ƙarfenka wahalar banza ce. Wallahi ba haka ba ne. Akasarin garin nan daga madara ake fitar da shi, abinci ne kawai aka busar, ba wani sirri a ciki.

Tsoka tana girma ne in ka ɗora mata nauyi, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan, sannan ka ba ta abinci da barci ta gyara kanta. Mai ɗaga ƙarfe na buƙatar wajen giram 1.6 na furotin, wato sinadarin abinci mai gina tsoka, a kan kowane kilo na nauyinshi a rana, mai kilo 60 kusan giram 100 ke nan, kuma ƙwai ɗaya na da wajen giram 6, ga wake, ga awara, ga ƙuli-ƙuli da nono, mu da gyaɗa ta yi wa gari suna ai ba mu da uzuri. Ƙarfen ma gwangwani biyu ka cika da siminti ka soka rodi a tsakiya, ya wadatar.

Allurar kumbura jiki kam a guje ta, tana lalata hanta da zuciya.