Rana ba ta gyara ɗanyen itace, tsaga shi take yi

Da yawa cikin masu koyon sassaƙa da injin juya itace sun ɗauka in mutum ya samu gungumen darbejiya ko mangwaro, dabara ita ce ya jefa shi a rana ya bushe da wuri kafin ya ɗora a inji. Haka ake asarar itacen da aka sha wahalar samowa.

Ta bakin yanka ruwan itace ke fita, sau goma ko fiye da yadda yake fita ta gefe. Baki ya bushe ya tsuke, ciki kuwa yana nan jiƙe, sai tsaga ta buɗe daga tsakiya ta nufi ɓawo. Da iskar hunturu, 'yan kwanaki sun isa.

Maganin ba ya cin kuɗi. Ranar da aka sare, a raba gungumen biyu ta tsawonsa, a fitar da zuciyar tsakiya, domin daga nan tsaga ke tasowa. A shafe bakunan da narkakken kakin zuma, ko gam ɗin kafinta, ko ragowar fenti, a ajiye a inuwa.

A ganina ma gara a fara fafe akushi tun itacen yana ɗanye, lokacin ƙarfe ya fi shiga da sauƙi. A bar kaurinsa ya kai kashi 10 cikin 100 na faɗinsa, wato santimita 3 ga akushi mai santimita 30. A sa shi cikin buhun takarda tare da ɓarɓashinsa, a riƙa ɗora shi a sikeli. Zai ɗan karkace, kada a damu. In nauyinsa ya daina raguwa, a mayar da shi inji a daidaita.