Kulawar sauƙaƙa raɗaɗi ba yanke ƙauna ba ce

Ɗalibin likitanci yakan shigo ɗakin majiyyata da wata tsohuwar fahimta, wai idan aka kira masu kulawar sauƙaƙa raɗaɗi, wato masu rage wa mai cuta mai tsanani zafin ciwo da damuwa, to magani ya ƙare, sai jiran ajali. Wannan kuskure ne, kuma majiyyaci ne ke ɗanɗana kuɗarsa, domin akan bar mai ciwon daji yana murƙususu dare da rana bisa zaton cewa lokacin kiransu bai yi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2002 cewa ana fara wannan kulawa tun farkon cutar da ke barazana ga rai, tare da sauran magunguna. A binciken da aka wallafa a 2010 kan mutum 151 masu sankarar huhu a Boston ta Amurka, waɗanda suka same ta da wuri sun rayu matsakaicin wata 11.6, sauran kuma 8.9.

Shi ya sa nake ganin wajibi ne malami ya koyar da ita a bakin gado: ɗalibi ya jawo kujera, ya saurari majiyyaci da iyalansa, ya kuma koyi cewa mofin, wato wani magani mai ƙarfi na kashe raɗaɗi, idan aka auna shi daidai ba ya gaggauta mutuwa.